Tafkin Chadi Daga Sama: A Ba Mu Taswirar Wannan Watan, Ta 1987 Ta Tsufa

Duk wanda ya taɓa zama a taron sauyin yanayi a Abuja, Yamai ko Njamena ya ga jerin hotunan nan. Na farko na 1963 ne, tafki shuɗi cike maƙil. Sai na 1973, na 1987, na 1997, har zuwa na 2001 inda shuɗin ya koma ɗan tabo a gefen kudu. A ƙarƙashinsu kuma jimla ɗaya ce kullum: Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Shugabanni sun ɗauki wannan jimla zuwa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, marigayi Muhammadu Buhari ya sha maimaita ta, 'yan jarida kuma suna kwafo ta har gobe. Ra'ayina shi ne hotunan nan gaskiya suka ɗauka, amma yadda ake karanta su kuskure ne, kuma kuskuren yana cutar da masunci da manomi da makiyayin da ke bakin ruwan. An daskarar da tafki mai rai a kan hoton shekarunsa mafi muni, alhali kayan aikin da za su nuna yadda yake a wannan watan suna nan kyauta, hukumomin da aka kafa domin hakan ba sa fito mana da su.

A fara da hoton 1963. Tauraron leƙen asirin Amurka ne ya ɗauke shi, an sake shi ga jama'a bayan shekaru da yawa. Ya kama tafkin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000, a ƙarshen shekaru goma na damuna mai albarka irin wadda yankin Sahel bai sake gani ba. Wato ma'aunin da aka fara ƙirga da shi shi ne ƙololuwar cikar tafkin a wancan ƙarni. Daga nan fari ya zo a 1972 da 1973, ruwa ya ja baya, tudun da ke kwance a ƙarƙashin ruwa daga wajen Baga zuwa Baga Sola ya fito fili, tafkin ya rabu biyu: kwarin arewa da kwarin kudu. Farin 1983 da 1984 ya ƙarasa aikin, buɗaɗɗen ruwa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, kwarin arewa ya bushe ƙurmus na shekaru. Idan aka ɗauki shekara mafi cika aka gwada da shekara mafi bushewa, dole a samu kashi 90. Lissafin daidai ne, amma labarin 1963 zuwa 1987 yake bayarwa, kuma yau kusan shekara arba'in ke nan da wucewarsa.

Tsofaffin taswirori sun riga sun gaya mana wannan hali na tafkin. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya jagoranci aikin shata iyaka tsakanin Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909, ya tarar da ɓangaren arewa a bushe, shi ne ma ya raba yanayin tafkin gida uku: ƙaramin Chadi, matsakaici da babba. Denham da Clapperton, Turawan Ingila masu yawon bincike, sun iske ruwa mai yawa a 1823. In aka koma can baya, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma tsohon bakinsa shi ne doguwar jigawar nan da ta ratsa Bama da Maiduguri, wadda ake gani sarai a hoton tauraron ɗan'adam kamar an ja layi da sanda. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Ruwan nan ya daɗe yana zuwa yana komawa tun kafin a san injin ban ruwa.

Dalilin wannan kai-komo mai sauƙi ne in aka yi lissafinsa. Tafkin faranti ne, ba kwano ba, zurfinsa a yawancin wurare bai wuce tsayin mutum ba ko kaɗan da haka. Rana da iska suna shanye kusan mita 2 na ruwa daga samansa kowace shekara. Kashi 90 ko fiye na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake fitowa, wato daga ruwan saman Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa na Kamaru. A shekarun 1950 da 1960 Shari na kawo kusan kubik mita biliyan 40 a shekara. Raba biliyan 40 da mita 2, za ka samu murabba'in kilomita 20,000. A shekarun 1980 abin da yake kawowa ya faɗi ƙasa da rabin haka, faɗin tafkin ya bi shi. Ƙa'idar da za a riƙe ke nan: kowane kubik mita biliyan 2 na ruwan kogi yana ciyar da kusan murabba'in kilomita 1,000 na tafki. Kuma da yake ƙasan shimfiɗe yake, inda gangaren bai wuce santimita 10 a kilomita ɗaya ba, ƙarin rabin mita kacal zai tura bakin ruwa kilomita 5. Shi ya sa garin N'guigmi, da tsofaffin taswirori suka zana a gaɓar tafki, wata shekara ruwa na nesa da shi sosai, wata shekara ya matso.

Babban abin da ke yaudarar mai kallon hoto shi ne ciyayi. Hoton launi na yau da kullum, irin wanda ake gani a Google Earth, buɗaɗɗen ruwa kawai yake nunawa a matsayin ruwa. Tun da tafkin ya rabu, mafi yawan ruwansa ya shige ƙarƙashin kachalla da sauran ciyayin fadama, a arewa kuma har da dajin ƙaya da ya tsiro lokacin fari sannan ruwa ya dawo ya malale gindinsa. Daga sama duk wannan kore ne, sai a ƙirga shi cikin ƙasar da ta bushe, alhali masunci na tura kwalekwalensa da gora a cikinsa, shanun Kuri na Buduma suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Masu bincike da suka yi amfani da hotunan zafi sun nuna haka tun 2011: da rana ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa ya fi busasshiyar ƙasa sanyi, na'urar auna zafi tana bambance su. Nazarin ƙwararru da cibiyar bincike ta IRD ta Faransa ta gabatar wa Hukumar Tafkin Chadi a 2014, da wani bincike na 2020 da ya haɗa bayanan taurari daban-daban, duk sun tsaya a kan magana ɗaya: tun shekarun 1990 tafkin ba raguwa yake ba. In aka haɗa buɗaɗɗen ruwa da wanda ciyawa ta rufe, yakan haura murabba'in kilomita 10,000, a shekara mai kyau ya kai wajen 14,000. Kwarin kudu yana nan daram, kwarin arewa ne ke cika ya bushe gwargwadon ko ruwan Shari ya tsallake tudun tsakiya.

Wani tarkon kuma shi ne wata. Ambaliyar Shari tana kai ƙololuwa a Njamena wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kwarin kudu ya cika a Disamba da Janairu, ruwan ya ratsa ciyayin tudun tsakiya a hankali ya isa arewa bayan haka. Tafkin ya fi ƙanƙanta wajen Yuni da Yuli, lokacin da damuna ta fara amma ruwan kogi bai iso ba. Wanda ya ajiye hoton Janairun wata shekara kusa da hoton Yunin wata shekara zai iya nuna ƙafewa ko cika, duk wanda ransa ya so. Hoton da ba a rubuta ranar ɗaukarsa ba bai cancanci a kafa hujja da shi ba. Taswirar da ke cikin waya ta fi wannan rikici: shuɗin da Google Maps ke zanawa siffa ce tsayayya, hoton da ke ƙarƙashinsa kuma faci-faci ne na ranaku daban, wani ɓangare na rani, na kusa da shi na kaka.

Mai kwamfuta da intanet mai ɗan ƙarfi zai iya duba wannan da kansa, kuma ina so malaman labarin ƙasa na jami'o'in Maiduguri, Diffa, Marwa da Njamena su riƙa sa ɗalibai yin haka kowane zango. Hotunan taurarin Landsat, da suka faro daga 1972, Amurka ta buɗe su kyauta tun 2008 a shafin EarthExplorer. Kowane ɗigo a cikin na yanzu mita 30 ne tsawo da faɗi, Landsat 8 da 9 kuma suna wucewa ta wuri ɗaya duk kwana 8 in aka haɗa su. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda ya fara a 2015, ɗigonsa mita 10 ne, yana dawowa duk kwana 5, ana samunsa a Copernicus Browser ba tare da an sauke komai ba. Sai a zaɓi wuri, misali tsakanin Baga da Darak, a zaɓi rana, a rage gajimare zuwa ƙasa da kashi 10. A fara da kallon launin gaskiya, sannan a juya zuwa launin aro na zango 8, 4 da 3 (zango shi ne kowane sashen haske da na'urar ke ɗauka daban), inda ɗanyen ganye ke fitowa ja, buɗaɗɗen ruwa baƙi ko shuɗi mai duhu, rairayi fari. Don ƙirga ruwa ana amfani da ma'aunin NDWI: a cire zango 8 daga zango 3, a raba da jimlarsu, abin da ya haura sifili galibi ruwa ne. A manhajar QGIS, ita ma kyauta, ana ƙirga ɗigogin, ɗigo 100 na Sentinel-2 hekta ɗaya ne. Dokar farko ita ce a gwada wata ɗaya da takwaransa na wata shekara, Janairu da Janairu.

Inda aikin ke ɓaci sananne ne. NDWI ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashin kachalla, don haka sakamakonsa mafi ƙarancin ƙiyasi ne, kuma dole a rubuta haka a jikin taswirar. Ruwan bakin Shari mai laka ne, yana haske har ya rikita ma'aunin, a nan gara a musanya zango 8 da zango 11, ko da yake shi ɗigonsa mita 20 ne. Wurin da makiyaya ko manoma suka ƙone ciyawa yana fitowa baƙi kamar ruwa, haka ma inuwar gajimare da jiƙaƙƙiyar ƙasar firgi. Daga Yuli zuwa Satumba gajimare kan rufe yankin, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma, daidai lokacin da tafkin ya cika, hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na dusashe hoto, na'urar tace gajimare kuma ba kullum take gane ƙura ba. Maganin gajimare shi ne rada ta Sentinel-1, wadda ke gani dare da rana, ruwa mai kwanciya ya fito mata baƙi. Ita ma tana da nata ruɗun: iska mai ƙarfi in ta tayar da igiya sai ruwa ya yi haske kamar ƙasa, busasshen rairayi mai santsi kuma ya yi duhu kamar ruwa, wanda babbar matsala ce a gefen Kanem mai jigayi. Tsayin ruwa kuwa taurari masu auna tudu ke ba da shi tun 1992, amma a kan layin da suka bi kawai. Babu na'ura ɗaya da ta isa. Taswira mai amfani sai an haɗa uku ko huɗu, sannan wani ya shiga kwalekwale da na'urar GPS ya tabbatar da wurare ko da hamsin ne.

Me ya sa wannan ya zama maganar jama'a? Domin an sha kashe dukiya a kan taswirar da ta tsufa. Aikin noman rani na Kudancin Chadi a Marte an tsara shi ne da tafkin shekarun 1960 a zuciya, don shayar da hekta 67,000. Kafin a gama shi ruwa ya janye daga bakin magudanar da aka haƙa, ƙaramin kaso kawai aka taɓa nomawa. Wancan kuskuren na ɗaukar cikar tafki a matsayin dawwamamme ne. Yanzu ana maimaita shi ta ɗaya gefen. Shirin Transaqua, na haƙa magudana mai kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango, wanda taron Abuja na Fabrairun 2018 ya mara wa baya kuma ake ƙiyasta kuɗinsa da dala biliyan 50, hotunan nan na kashi 90 su ne tallarsa. Babu wanda ya nuna wa mazauna yankin taswirar abin da zai nutse in an mayar da tafkin matsayinsa na 1963. Tsohon gindin tafkin yanzu shi ne gonakin masara da wake da ake shukawa bayan janyewar ruwa, shi ne makiyayar rani, garuruwa sun kafu a kansa. Hausawa da yawa daga Sakkwato, Kebbi, Hadeja da Damagaram sun bi kifi da wannan noma suka zauna can tun shekarun fari, tare da Barebari, Buduma, Larabawan Shuwa, Kotoko da Fulani. Kai-komon ruwan shi ne ke ba mutum damar kama kifi, ya yi shuka, ya kuma yi kiwo a fili ɗaya cikin shekara ɗaya. A 'yan shekarun nan ma, abin da ya addabi yankin yawan ruwa ne: ambaliyar 2022 a Njamena da gaɓar tafki, da ta 2024 wadda a cikinta madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Wanda aka cika masa kunne da ƙafewa ba zai yi tanadin ambaliya ba.

Ban ce babu matsalar ruwa ba. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke shiga kwarin arewa ta tsakanin Bosso da Malam Fatori, ya ragu sosai bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru. Manoman tattasai na Diffa da masuntan arewa sun san zafin wannan. Amma matsala ce mai suna da wuri, ana ganinta a hoto, ana iya gyara ta da tsarin sakin ruwa da yashe hanyoyi. Jimlar kashi 90 tana binne ta.

Taswira ta taɓa yanke hukuncin ƙasar da mutum yake a wannan tafki. Iyakokin ƙasashe huɗun, wato Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, a cikinsa layuka ne miƙaƙƙu da Turawan mulkin mallaka suka ja a kan ruwa. Da ruwan ya janye, masunta 'yan Najeriya suka bi shi suka kafa Darak da ƙauyukan kewaye, hukumomin Borno suka bi su da makarantu da 'yan sanda. Kotun Duniya a hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002 ta koma kan yarjejeniyoyin 1919 da 1931 da taswirorin da aka liƙa musu, har sai da ta tantance ainihin inda bakin kogin Ebeji yake a wancan zamani, ta ce yankin na Kamaru ne. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30. Mutanen ba su tsallaka komai da idonsu ba, ruwa suka bi. Har yau masunci kan faɗa hannun jami'an wata ƙasa bai san ya haye layi ba, ga haraji biyu ko uku a kan kwalin banda ɗaya. Hoton sama ya kuma taɓa zama shaida inda babu mai iya zuwa: Human Rights Watch ta ƙirga gine-gine 2,275 da aka lalata a Baga a Afrilun 2013, Amnesty International kuma ta gwada hotunan 2 da 7 ga Janairun 2015 ta nuna sama da 3,700 a Baga da Doron Baga bayan harin Boko Haram.

Za a ce sakin taswirar ruwa kowane wata taimako ne ga 'yan ta'addan da ke ɓoye a tumbunan tafkin, wato tsibiransa. Ban yarda ba. Hotunan a buɗe suke ga duk mai intanet, ɗigon mita 10 ba ya nuna mutum ko kwalekwale ƙarami, kuma wanda ke kwana a cikin kachalla ya fi kowane tauraro sanin inda ruwa ya kai. Wanda ba shi da labari shi ne ɗan gudun hijirar da ake shirin mayarwa garinsu bayan shekara goma, bai sani ba ko gonarsa tana ƙarƙashin ruwa, ko hanyar jirgin da ya sani ciyawa ta toshe ta.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukumomin da ake da su ba. Hukumar Tafkin Chadi tana nan a Njamena tun 22 ga Mayu 1964. Najeriya na da hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011, tana da cibiyar nazarin hotunan sama a Jos. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma tana Yamai. Su haɗu su fitar da shafi ɗaya kowane wata, mai launi huɗu: buɗaɗɗen ruwa, ruwan ƙarƙashin ciyawa, ƙasar da ruwa ya saki kwanan nan wadda ta isa shuka, da busasshiyar ƙasa. A rubuta ranar hoton da manyan baƙaƙe, a zana bakin ruwan bara na wannan watan da layi ja, a sa iyakokin ƙasashe. Sunayen tsibirai da mashigai su zama waɗanda masu jirgi ke kira, domin taswirorin Faransanci da na Turanci sukan ba wuri ɗaya suna biyu, wasu ƙauyukan kuma sun tashi sun bar sunansu a takarda. Girman hoton kada ya wuce abin da WhatsApp zai ɗauka a kan layi mai rauni, tare da saƙon murya na minti biyu da Hausa, Barbarci, Larabcin Shuwa, Fulatanci da Buduma, a kuma karanta shi a gidajen rediyon Maiduguri, Diffa, Bol da Kusiri.

Taswira mafi muhimmanci a shekara ita ce ta farkon Nuwamba. A lokacin ma'aunin ruwan Shari a Njamena ya riga ya nuna girman ambaliyar bana, kuma akwai makonni da dama kafin ruwan ya isa Baga, ya tsallake tudun tsakiya ko ya gaza. Da wannan adadi da hotunan shekarun baya masu irinsa, ana iya gaya wa manomin Kukawa ko na Bosso inda bakin ruwa zai tsaya a Janairu, ya san ko iri zai saya ko raga. Don hakan ya yi aiki dole a gyara sandunan auna ruwa na Bol da na gaɓar Najeriya da Nijar, a biya wanda zai karanta su kowace safiya, a kuma riƙa buga adadin a ranar da aka karanta shi.